Obuwar Maigidana

Shekararmu biyu da aure aka ɗauki maigidana soja. Zamanin Faransawa ne, lokacin da ake bi gari-gari ana jera samari a rana, a duba musu haƙora da ƙirji. Mu mutanen Kore Mairuwa ne. Gidansu gidan masu algaita ne tun kaka da kakanni, shi ma tun yana ƙarami yake busa a bayan ubansa. Da ya tafi na zauna wurin surukaina shekara shida, ina noma gayaunata, ina jira.

Ya dawo bayan babban yaƙin nan na Turawa, ana tsakiyar girbin hatsi. Ya rame, ya koyi shan kofi, ya rage magana. Cikin kayansa akwai bargo, da takalma masu nauyi, da wani ɗan akwati baƙi wanda bai yarda kowa ya ɗauka ba. Sai da baƙi suka watse kwana na uku ya buɗe shi a gabanmu, ni da Baba, wato ubansa, da Inna uwarsa. Itace ne baƙi wuluk, guntu uku, an manna masa ƙarafa farare ko'ina a jiki. Ya harhaɗa su a hankali suka zama abu guda, tsawonsa ya ɗan fi kamu ɗaya.

"Sunanta obuwa," in ji shi. "Algaitar Turawa ce."

A nan muka ji cewa bai yi harbi ba ko sau ɗaya. A wani bariki na bakin teku aka tambaya wa ya iya busa, ya ɗaga hannu, aka sa shi cikin makaɗan soja. Shugabansu wani tsohon Bature ne da suke ce wa Shef. Shi ya ware shi ya koya masa obuwa da karatun takardarta shekara huɗu, da za a sallame shi kuma ya ba shi tsohuwar tasa da wasu takardu.

Baba ya miƙa hannu. "Ba ni nan in ji."

A kan obuwar akwai wasu 'yan siraran kara biyu da aka ɗaure da zare, maigida yana ce musu harshe. Baba ya cusa harshen duka cikin baki yadda ake yi wa algaita, ya cika kumatu, ya busa. Abin ya yi ƙara kamar an taka agwagwa. Da ya cire, harshen ya tsage. Guda bakwai maigida ya zo da su, saura shida ke nan, kuma babu inda ake sayar da su daga nan har Yamai.

Na ga fuskarsa ta sauya, amma ya daure. "Baba, ba a haɗiye shi. Leɓe ake naɗewa a kan haƙora, a riƙe bakinsa kaɗai. Kuma numfashi kaɗan take karɓa."

"To mi kake yi da sauran?"

"Wahalar ke nan. Yana taruwa a ƙirji ya tsufa. Sai ka fitar da shi kafin ka ja sabo."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Shi mutum ne da zai busa tun daga ƙofar gari har kasuwa sautin bai yanke ba, yana ja ta hanci yana turawa da kumatu. Ya ce shekararsa hamsin yana wannan sana'a, bai taɓa jin mai busan da numfashi ya yi wa yawa ba. Ya tashi ya tafi gona.

Daga nan kullum da hantsi maigida ya kan zauna ƙarƙashin rumfa, ya jiƙa harshen cikin wani ɗan kofi, ya jira. Sai ya busa murya guda, ya ja ta, ya ja ta, har kaji su daina kula shi. Sautin siriri ne, mai daɗi, yana da ɗan hanci kamar yarinya mai mura tana waƙa. Wannan ban damu da shi ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne in ya shimfiɗa takardun Shef a kan akwatin ƙarfe. Zai busa abu mai kyau, mai gudu, yatsunsa na rawa, sai kwatsam ya tsaya a tsakiya. Ya sauke obuwar a cinya, idonsa a kan takarda, leɓensa na motsi, ƙafarsa na buga ƙasa. Ya daɗe a haka. Can kuma ya zabura ya ɗaga ta ya ci gaba, kamar wanda aka kira.

Na yi kwanaki ina kallo daga bakin murhu kafin na tambaya.

"Maigida, mi kake jira in ka tsaya?"

"Yanzu su ne ke yi."

"Su wa?"

"Sauran. Sun kai mutum talatin. Masu goge sun fi yawa."

Na duba tsakar gida. Akuya ce kawai da turmi. Na koma ɗaki na faɗa wa Inna, ita kuma ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce dama ta zata. Akwai iskokin nan Babule masu kama da sojan Turawa, in ji ta, mutum ba zai yi shekara shida a cikinsu ya dawo shi kaɗai ba. Ta fara shawarar wanda za a kira da abin da za a yanka.

Da maganar ta kai kunnensa ya yi dariya, karo na farko tun dawowarsa. Ya zaunar da mu ya ce abin da ke cikin takardar sunansa konsarto. Mutum ɗaya ne ke tsayawa a gaba da obuwa, taron makaɗa na bayansa. Shi ya yi, su yi, wani lokaci su haɗu. Takardar da ke hannunsa rabonsa ne kawai, rabon sauran yana can inda ya baro su.

"To amshi ke nan," in ji ni. "Kai zabiya, su 'yan amshi."

"Ba amshi ba ne. Wani lokaci su ke fara magana. Wani lokaci gardama suke yi mini."

"In ba sa nan, don mi ba za ka tsallake rabonsu ba?"

"A nan leɓena ke hutawa. Wanda ya rubuta ya san leɓe na mutuwa. In na tsallake, ba zan kai ƙarshe ba."

Inna ta ce ta ji, amma da yamma na ga ta turara bakin rumfar.

Ni kuwa sai ya ba ni aiki. Ya kifa mini ƙwarya, ya ce in ya tsaya in riƙa bugawa a hankali huɗu-huɗu, kowane huɗu in ajiye ƙwayar gujiya ɗaya, in sun kai ashirin da huɗu in ɗaga masa kai. Na zama mutum talatin ɗin nan ni kaɗai. Sau da yawa lissafin ya kan ɓace mini, ko tukunya ta tafasa, ko maƙwabciya ta yi sallama. In na ɗaga kai da wuri sai ya ce na shigar da shi a kan bakin mutane. Na kan ba shi haƙuri, ban san ko su wa na yi wa laifi ba.

Da rani ya shigo, harsuna biyu suka bushe suka fashe. Ya koma naɗe obuwar da tsumma mai laima yana ajiyewa bayan randa. A lokacin ne ya je Dogon Dutsi karɓar fanshonsa, ya dawo da fensir da kaye biyu, wato littattafan rubutu irin na 'yan lakwal, yaran makarantar Turawa. Ya ce tunda mutanen Shef ba za su taɓa zuwa Kore Mairuwa ba, zai rubuta nasa konsarton da makaɗan da ke nan.

Ni na ja masa layukan. Biyar-biyar ake yi, a bar fili, a sake biyar. Da tsagin kara nake daidaitawa. Shi kuma ya bi yana ɗiga musu baƙaƙen ɗigo masu wutsiya kamar 'ya'yan kwaɗi. Ya rubuta, ya busa, ya goge. Wata huɗu muna haka. Ya ce in ya sauka ƙasa sosai obuwar ta kan yi gurnani, ba ta yarda a yi ta a hankali. In ya hau sama ta kan tsuke kamar za ta yanke. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne inda zai sa numfashi. Waƙar da ke kansa irin ta gidansu ce, wadda ba ta tsayawa, obuwa kuwa dole ta tsaya.

Wata rana ya kira ni. "Saurara. Wanne ya fi?"

Ya busa abu, ya sake busa shi. Ni ban ji bambanci ba. Don kada in yi shiru na ce na farko.

"Don mi?"

"Ya fi zama."

Ya gyaɗa kai ya goge wani abu. Daga baya ya ce mini duka ɗaya ne, wurin jan numfashi kawai ya matsar. Har yau ban sani ba ko na gyara masa ko na ɓata.

Makaɗan da ya tara uku ne. Akwai kawunsa, ƙanen Inna, wanda ke yi wa 'yan bori goge, sai masu ganga biyu da ke bin Baba, babba da ƙarami. Babu mai karatu a cikinsu, don haka da baki ya riƙa ba kowa rabonsa. Ranar farko da suka haɗu a rumfa, gangunan na tashi obuwar ta ɓace. Ana ganin kumatunsa da yatsunsa, ba a jin komai.

"Ku yi a hankali," in ji shi.

Babban mai ganga ya ce, "Ganga a hankali? Ai sai a ce mana mu bari."

Aka yi ta ja. A ƙarshe aka rufe fatun da tsofaffin zannuwana, aka ajiye makaɗi, suka koma bugawa da yatsu. Suka yarda don kunyar Baba, amma a fuskarsu kana gani sun ɗauka ɗan ya dawo da taɓin hankali. Kawu kuwa matsalarsa daban ce. In an ba shi abu ya kan yi shi daidai sau ɗaya, na biyu sai ya ƙara masa ado, na uku ya zama wani abu.

"Kawu, yadda ka yi da farko."

"Haka na yi."

"Ba haka ba ne."

"To wancan ya wuce, ɗana. Ina zan samo shi?"

Konsarton kashi uku ne: mai sauri, mai sanyi, sai mai sauri kuma. Mai sanyin shi maigida ya fi so. Ya ce a jirgin ruwa ya zo masa, suna hanyar dawowa. Ranar da ya fara busa musu shi, bai yi nisa ba Kawu ya sauke gogensa.

"Wa ya ba ka wanga?"

"Ni na rubuta."

"Wanga taken Doguwa ne. Wadda ke kan kakarka."

Maigida ya ce ba zai yiwu ba, kakarsa ta rasu yana goye. Ya buɗe kaye ya nuna masa ɗigon, ya nuna inda ya goge da inda ya sake. Kawu bai ko kalli takardar ba. Ya ɗaga goge ya ja. Ni da ke riƙe da ƙwarya na ji kusan shi ne, sai wani ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya, ta ce a bari haka nan, ba a kiran mai gida a bar ta a ƙofa.

Kwana uku bai taɓa obuwar ba. Ya kan zauna da kayen a buɗe. Sau ɗaya ya tambaye ni ko ni ma na san taken. Na ce na san wani abu mai kama da shi, amma sai da Kawu ya faɗa na gane. Ya ce to da can fa, wata huɗu ina jin sa, mi na ɗauka? Na ce na ɗauka na Turawa ne.

Ya sauya wasu ɗigo, ya juya lanƙwasan ya hau sama maimakon ƙasa. Amma duk lokacin da aka zo wurin, hannun Kawu sai ya koma tsohuwar hanya. Kuma Kawu ya ce ba zai ja wannan a bainar jama'a ba sai an ba mai shi hakkinta. Maigida, wanda ya kama salla sosai a soja, ya ce ba abin da za a yanka wa abin da ya rubuta da fensir. Suka yi kwanaki ba sa magana. Ni na kama baƙar kazata na kai wa Kawu ta bayan gida. Washegari ya zo da gogensa kamar ba a yi komai ba. Maigida ya kalle shi, ya kalli akurki, ya ɗauko obuwarsa.

Labari ya kai kunnen kumandan, Baturen da ke mulki a Dogon Dutsi, ta wurin masu biyan fansho. Da bikin Turawa na cikin damina ya matso, aka aiko gardi, ɗan sandan bariki, cewa tsohon soja mai obuwa ya zo Dogon Dutsi ya yi wasa. Harshe biyu suka rage masa, busa ta cinye sauran. Muka tafi da ƙafa mu biyar, jaki na ɗauke da ganguna, muka kwana a hanya. Baba ya ce shi noma ya riƙe shi.

Da la'asar aka yi, a filin gaban bariki, duwatsun garin na bayanmu. Turawa kamar takwas a kan kujeru, sai ma'aikata, sai 'yan lakwal a jere, sai jama'ar gari tsaitsaye. Babu abin ɗora takarda, don haka ni aka tsayar a gabansa da kaye a hannu. Ya ɗiga jan goro a saman shafi don kada in kifa shi. Ya ce in ya sunkuyar da kai in juya.

Tun kafin a fara ya gwada harshen ya ɓata fuska. Ya ce laimar damina ta kumbura shi, ya yi nauyi. Ya zaro 'yar wuƙa ya kankare shi kaɗan a gaban kumandan, kowa na jira.

Kashin farko ya tafi lafiya, ina jin. Abin da bai faɗa mini ba shi ne in yana busa da gaske kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya sunkuya, na juya. Ya zaro mini ido. Na mayar. Ya sake sunkuyawa, na rasa ko wannan ne na gaskiyar. Daga nan ya rufe idonsa ya ci gaba da ka, ni kuma na tsaya riƙe da takardar da ba mai dubawa, ina juyawa lokaci-lokaci don kada Turawa su gane.

Da aka zo mai sanyin na saci kallon jama'a. Wasu tsofaffin mata sun kalli juna, ɗaya ta gyara lulluɓi. Ba wadda iska ta hau ta faɗi. Kawu ya yi lanƙwasansa ƙasa, maigida ya yi nasa sama, suka haɗu a ƙarshe.

Kusa da ƙarshen kashi na uku akwai wurin da ya ce kowa ya tsaya cak a bar shi shi kaɗai, sai ya kaɗa murya ya ɗaga obuwar sama sannan su shigo. Ya fi sau ashirin yana nanata musu wannan a gida. Suka tsaya. Ya shiga shi kaɗai. Filin ya yi tsit, sautin siririn nan yana hawa yana sauka, yana gudu, yana komowa. Ina tsaye dab da shi, ina ganin jijiyar wuyansa, ina jin yadda yake furzar da tsohon numfashi ta gefen baki ya fizgi sabo. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ban taɓa jin ya yi kamar haka ba.

Bai kai rabi ba babban mai ganga ya yaye zanen da ke kan gangarsa, ya zaro makaɗi daga cikin riga, ya sauke mata. Ƙaramin ya bi shi. Jama'a suka ɗauka yanzu aka fara, 'yan lakwal suka karya layi, wata ta rangaɗa guɗa. Kawu ya duba hagu da dama shi ma ya shiga. Maigida bai tsaya ba. Yatsunsa suka ci gaba da tafiya har inda ya rubuta, ya kaɗa muryar, ya ɗaga obuwar sama, ba wanda ya lura sai ni. Aka ƙare ba tare ba, ganguna suka riga, goge ya biyo.

Turawa suka tafa sosai. Matar kumandan ta taso ta yi masa magana da Faransanci, ya amsa a gajarce, ta yi dariya ta koma.

A hanyar gida babban mai ganga sai fara'a yake. "Na ga sun zuba maka ido kai kaɗai, ka jiƙe da gumi," in ji shi. "Na ce ba za a kunyata ɗan maigidana ina tsaye ba."

Na jira maigida ya yi faɗa. Sai ya ce, "Na gode." Kuma da gaske ya faɗa, ko kuwa haka na ji.

Hadari ya taso mana wajen azahar, muka fake a wata bukkar gona. Sauran suka tsaya ɗaure jaki. Na tambaye shi abin da Baturiyar ta ce.

"Ta ce ko waƙar gargajiyarmu ce."

"Ka ce mi?"

"Na ce ban sani ba."

Ya buɗe akwatin ya duba ko ruwa ya shiga. Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ke kin ji wurin da na tsaya ni kaɗai?"

"Na ji, har inda ganga ta shigo."

"Ya yi?"

"Ban san yadda ya kamata ya yi ba, maigida. Amma ban so a katse ba."

Ya shiga goge ƙarafan da bakin rigarsa. Can ya ce kuskurensa ne, ya sa wurin a ƙarshe, lokacin da hannun mai ganga ya riga ya yi zafi. In zai sake, a farko zai sa shi. Ya tambaye ni ko akwai sauran shafi a kaye na biyu. Na ce akwai kamar goma, amma ban ja musu layi ba.

Ba a sake kiransa Dogon Dutsi ba, don an sauya kumandan kafin wata damina. Harsunan nan biyu suka kai shi kaka. Bayan su ya yi ta gwada karan fadama iri-iri, yana fere su yana ɗaurewa, a cikin goma ɗaya ya kan yi magana, shi ma na kwana biyu. Da haƙoran Baba suka zube shi ya karɓi algaitar gidan, ya riƙa bin biki da ita kamar yadda aka saba. Shafi goman nan dai na ja musu layi a makon da muka dawo, bayan mun gama maimai, kuma ya cike su duka.